Saki Uku a Kan Keke

Ku gyara zama, masu karatu, amma don Allah kada wanda ya yi min dariya sai na kai ƙarshe. Ni da ko ranar aurena ba a sa ba, yau da hantsi labari ya zagaye danginmu kaf cewa an yi min saki uku. Kuma ba wani ne ya ƙulla min sharri ba. Da bakina na faɗa, da muryata, har da 'yar dariya a ƙarshe.

Ga waɗanda yau suka fara bina: a gida Auta ake ce min, shekarata ashirin da bakwai, aikina gwada idon mutane da haɗa musu tabarau a wani shago da ke ƙasan bene. Wata takwas da suka wuce na sayi keke, irin siririn nan mai lanƙwasasshen kai wanda za ka ɗaga da yatsa biyu, na shiga ƙungiyar masu fita hawa duk Asabar. A can sunana Ƙararrawa, saboda ranar farko da ƙararrawa na je a maƙale a kan keken, ina ta kaɗa wa mutane kamar mai talla. Tun a makon na kwance ta, amma sunan ya ƙi kwantuwa.

Keken yana kwana a lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin baƙi, jingine da injin wanki. Duk sanda Umma ta zo wucewa sai feda ta kama mata gefen zane, duk sanda ta kama kuwa sai na sha jawabi.

“Auta, 'yan uwanki kujeru suke saya da labule, ke kin sayo abin da zai karya ki.”

To, a wannan hutun ƙarshen shekarar an rufe shagonmu na mako biyu, ƙungiya kuma ta ce tunda kowa yana gida, kullum za a fita, kwana goma a jere. Gari ya cika da baƙi, tituna da safe fayau ba motocin 'yan ofis. Gidanmu ma ya samu rabonsa: Gwaggo, yayar Baba, ta sauka da jaka uku da filonta na musamman, aka shimfiɗa mata a ɗakina. Kwana biyu da zuwanta wayata ta yi ƙara a kan madubi, ta leƙa, sai na ji salati.

“Ke! Mene ne 'Yan Giya?”

“Gwaggo, giyar keke ce. Wadda ake canzawa in za a hau tudu.”

“Duk sunayen duniya ku rasa na sa wa kanku sai wannan?”

Ku riƙe wannan a ranku. Guruf ɗin ƙungiyarmu sunansa 'Yan Giya. Na danginmu, mai mutum arba'in da ɗaya, sunansa 'Yan Gida. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma kullum suna manne da juna a saman wayata.

Sai maganar Lauya. Ɗan abokin Baba ne, wata biyar ke nan yana zuwa wurina. Zan faɗi gaskiya, ba wanda ya ɗaure ni ya miƙa masa. Dogo ne, tsaf-tsaf, rigarsa ba ta taɓa sanin tamoji ba, in ya ce ƙarfe biyar to biyar saura minti biyu za ka ji motarsa. Yana sa ni dariya, wani lokaci da gangan, wani lokaci bai ma sani ba, don ko saƙon waya da lamba yake jera shi kamar takardar kotu. Ina son zuwansa. Abin da na kasa ganewa shi ne ko shi ɗin nake so, ko zuwan.

Ranar da aka fara hutu Baba ya kira ni falo. Baba shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas ɗin ma'aikatan wani kamfani kafin ya yi ritaya, kuma magana ba ta dame shi ba.

“Mahaifin yaron nan ya sake tuntuɓata,” ya ce. “Ba zan matsa miki ba, amma ba na son a riƙa jan ɗan mutane. Ranar da hutunki zai ƙare ki ba ni amsa. E ko a'a, duk wadda kika kawo ita zan kai.”

Wato yau ke nan. Kwana goma sha uku ina juya maganar, a gida da a kan keke, in hau tudu da e, in gangaro da a'a.

Shekaranjiya da yamma sai ga saƙon Lauya:

“1. Barka da yamma. 2. Na sayi keke. 3. Ranar ƙarshe zan bi ku, in ga abin da ya fi ni samun lokacinki.”

Har da hoto. Jama'a, keken da ya saya ko Kyaftin, shugabanmu, bai taɓa hawa irinsa ba. Baƙi wuluk, yana sheƙi, ga hular kwano da takalmi da safar hannu duk launi ɗaya. Umma ta karɓi wayar ta kai wa Gwaggo har ɗaki.

“Kin gani ko? Saboda ita fa ya saya. Wannan in ba so ba mene ne?”

Ni ma, ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi wani irin tsalle.

Kafin in kai ku kan hanya, bari in koya muku yarenmu, don a nan gizo yake saƙar. In ana tafiya a jere, na gaba shi ke tare wa na baya iska, shi ya sa ake manne wa juna. In ƙarfinka ya gaza, jeri ya wuce ya bar ka kai kaɗai da iska, mu a wurinmu an sake ka ke nan. Wanda kake bin tayarsa ya tafi ya bar ka, shi ya yi sakin. In aka jawo ka ka koma cikin jeri, an yi kome. In aka sake ka sau uku a fita ɗaya kuwa, ba kome, sai ka juya gida, don kada ka wahalar da kanka ka wahalar da mutane. Ban san wanda ya fara wannan shaƙiyancin ba, na dai tarar ana yi, har bakina ya saba.

Mai yin komen mutum ɗaya ne, Tsintsiya. Shi ne na ƙarshe a jeri kullum, aikinsa ya share duk wanda ya zube. Har wata 'yar ƙaramar tsintsiya ce ɗaure a ƙarƙashin sirdinsa, tsawon tafin hannu. Dokarsa ɗaya: fita ba ta ƙare a wurinsa sai kowa ya ce “na iso”. Ni kuwa da tudu ba ma shiri, don haka a wata takwas ɗin nan ba wanda ya sha jin muryar Tsintsiya kamar ni. A bayana take fitowa, a natse, ba ta hawa ba ta sauka: “Rami a dama.” “Sauke giya ɗaya.” “Mota na zuwa, matsa ciki.” In an tsaya shan shayi bayan an dawo, shi ba ya zama, yana gama ƙirga mu yake wucewa.

Yau da sassafe na shirya: dogon wando baƙi, riga ruwan toka mai kaiwa gwiwa, ɗankwali mai santsi a ƙarƙashin hular kwano, sai takalmin nan mai ƙarfe a tafi wanda ke maƙalewa a feda, wanda in ka taka tayil da shi sai ka ce doki ne ya shigo gida. Har na ɗan zizara kwalli, abin da ban taɓa yi wa keke ba. Gwaggo ta buɗe ido ɗaya daga cikin bargo.

“A gaishe min da surukina. Ki bi shi a hankali, kar ki nuna masa kin fi shi iyawa. Maza ba sa so.”

A gidan man da muke haɗuwa na tarar da shi, shida saura minti biyu, mutum goma sha bakwai sun kewaye kekensa suna shafawa. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Na ja shi gefe.

“Yau kwana na goma ke nan ina hawa, ƙafafuna sun mutu. Jiya kuma wuni na yi a tsaye ina yi wa baƙin Gwaggo hidima. Tafkin da za mu je kilomita arba'in ne, akwai tudu uku a hanya. Don Allah ka zauna a gabana, ka tafi daidai ƙarfina, in bi tayarka.”

Ya dafa ƙirji. “Ina tare da ke har ƙarshe. Ki rubuta ki ajiye.”

Kilomita goma na farko kamar a mafarki. Rana tana fitowa, iska mai sanyi, ba ka jin komai sai shuuu na tayoyi da ƙaras-ƙaras na masu canza giya. Lauya ashe ɗan motsa jiki ne, ƙafafunsa kamar injin. Ina manne da tayarsa ina murmushi ni kaɗai, har na fara tsara yadda zan faɗa wa Baba e ɗin, ko a tsaye ko a durƙushe.

Sai muka iso tudun farko, wanda muke kira Gaisuwa. Kyaftin ya miƙe tsaye a kan feda, samari biyu suka bi shi. Na ga kan Lauya ya ɗago. Na ga kafaɗunsa sun motsa. Kafin in ce “a hankali” tayar da nake bi ta yi gaba, taku biyu, taku goma, shi ke nan iska ta doke ni a ƙirji.

“Saki ɗaya,” in ji wani da ya wuce ni yana dariya.

“Kar ki kalli saman tudun,” muryar nan ta ce daga bayana. “Kalli gaban tayarki. Sauke giya. Yawwa. Numfashi ta baki.”

A haka Tsintsiya ya lallaɓa ni har na kamo jeri a gangara. Na matsa kusa da Lauya ina haki.

“Ka sake ni fa.”

“Na yi me?” Fuskarsa sai walƙiya take. “Kin ga yadda na kamo Kyaftin kuwa? Ashe abin nan da daɗi haka!”

“Ka yi alkawari.”

“Afuwan, afuwan. Ba zai sake faruwa ba.”

Tudu na biyu sunansa Ƙaramar Magana, don daga nesa kamar ba komai, sai ka shiga ka gane kurenka. Wannan karon ya yi ƙoƙari, ban ƙwace masa ba. Ya kai rabi yana gabana. Sai wata yarinya 'yar jami'a, ƙarama da ita, ta zo ta wuce shi fiu. Ai kuwa kamar an tsikare shi da allura. Na bi bayansa da kallo yana ƙanƙancewa, rigar nan baƙa mai tsada tana ta yin nisa, ina jira ya juyo ko sau ɗaya ya ga inda nake. Har ya ɓace a kwana keyarsa kawai nake gani.

“Biyu,” na faɗa da kaina, don kada wani ya riga ni.

“Saura kaɗan,” in ji Tsintsiya. “Bishiyar can kawai za ki kai. In kin kai ta, sai mu zaɓi wata.”

Na uku shi ne Wayyo Umma, kuma ba a banza aka sa masa sunan ba. A nan ban ma samu tayar Lauya na bi ba. Tun daga gindin tudun yana can gaba kafaɗa da kafaɗa da Kyaftin. Na taka, na taka, cinyoyina suna wuta, gumi yana shiga idona yana kwaso kwallin da na ɓata lokaci na sa. A tsakiyar tudun ƙafata ta ce ita fa ta gama. Da ƙyar na fizge takalmin daga feda kafin in kife, na zauna a kan wani dakalin kwalbati a bakin hanya.

Anti Nas, wata ma'aikaciyar jinya da ta girme mu duka amma ta fi rabinmu ƙarfi, ta juyo ta dawo.

“Uku ke nan, Ƙararrawa. Doka doka ce. Tashi in raka ki gida.”

“A'a, Anti,” in ji Tsintsiya. “Ki bi su. Riƙe wannan.”

Na ji yana kwance wani abu. Anti Nas ta karɓi 'yar tsintsiyar tana juya ta a hannu, ta dube shi, ta dube ni.

“Shekara huɗu ina hawa da kai, ban taɓa ganin ka kwance abar nan ba.”

Ni dai ban sa maganar a ma'auni ba, don raina a ɓace yake. Kuka nake son yi, na gaske, irin mai majina. To ni halina, in abu ya yi min ciwo sai in mai da shi wasa tun kafin wani ya tausaya min. Na zaro waya daga aljihun baya, rana tana dukan gilashin, safar hannuna jiƙe, idona cike da gumi da kwalli. Na ga 'Yan Gi, na danna, na kama magana da muryar shaƙiyanci:

“To jama'a, ku shaida! Lauya dai ya yi min saki uku yau, ɗaya bayan ɗaya, ko waiwaye babu. Kun san kuma ba kome. Ga ni nan zaune a bakin hanya, Tsintsiya zai mai da ni gidanmu.”

Na ƙara da dariya, na tura, na mayar da wayar aljihu.

Kilomita ashirin da biyu muka yi zuwa gida, ina gaba yana baya. Wayar sai zuu, zuu take a bayana ba ƙaƙƙautawa, ina cewa a raina 'yan ƙungiya sun samu abin dariya. Tsintsiya bai tambaye ni komai ba. “Rami a hagu.” “Yashi a kwana, kar ki taɓa burki.” Sau ɗaya kawai ya fita daga karatunsa, ya ce, “Kwana goma a jere ba wasa ba ne. Ba ki gaza ba, gajiya kika yi.” Na gyaɗa kai ban juya ba, don kada ya ga idona.

A fitilar kan hanya ta kusa da layinmu ja ta tsayar da mu, na ce bari in ga dariyar da ake yi. Saƙo sittin da uku. Kira goma sha tara. Duk daga 'Yan Gida.

Yaya Babba: “Auta, yaushe aka ɗaura auren da har aka yi saki?”

Kawu: “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A ɓoye kuka yi?”

Matar Yaya: “Wace ce kuma Tsintsiya?”

Wata 'yar Kawu da ko gaisuwa ba ma yi: “Allah ya sa haka ne mafi alheri, 'yar uwa. Maza sai a hankali.”

Gwaggo kuwa saƙon murya biyar ta jera, mafi gajarta minti huɗu.

Ƙafafun da suka ce sun mutu a Wayyo Umma, ban san inda suka samo rai ba. Fitila tana yin kore na fizgi keken, na sha kwanar layinmu, na yar da shi a bakin get ko jinginewa ban yi ba, na faɗa gida ƙwas-ƙwas-ƙwas a kan tayil.

A falo na tarar da su. Gwaggo tana kwance a doguwar kujera da jiƙaƙƙen tawul a goshi. Umma tana tsaye da ludayi a hannu, da alama tun da ta ji saƙon ba ta tuna ta ajiye shi ba. Baba yana kujerarsa ta kusa da taga, rediyonsa a kashe. A gidanmu in Baba ya kashe rediyo, magana ta girma.

“Munafuka!” Gwaggo ta yunƙura ta tashi zaune. “A ɗaki ɗaya muke kwana, ashe matar aure ce ke ban sani ba! Su wa suka yi shaida? 'Yan giyar?”

“Gwaggo, wallahi keke ne.”

“Keke ne ya sake ki?”

Na durƙusa a gaban teburin tsakiya, hular kwano tana kaina har lokacin. Na jera kofunan shayi huɗu, na ce wannan jeri ne. Na ɗauko rimot na ce wannan Lauya ne, murfin fulas kuma ni ce. Na nuna musu iska, na nuna musu tudu da filon kujera, na ja rimot gaba na bar murfin fulas a baya, sau uku. Na buɗe wayar na nuna musu sunayen guruf biyun, ɗaya a kan ɗaya.

Umma ce ta fara fashewa. Ta zauna a hannun kujera tana dariya har da hawaye, tana nuna ni da ludayi.

“Kai, Allah ya shirye ki, Auta! Ashe wasa ne. Yanzu sai ki bi mutum arba'in ɗaya-ɗaya ki warware. To ai shi ke nan, yaron kirki ne, gudu kawai ya fi ki.”

“Da giya da saki,” Gwaggo ta ce tana matse tawul. “Saura ku sa wa wani abin takaba.”

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Lauya. Hoto ne a bakin tafki, ya ɗaga keken sama da hannu biyu, haƙora talatin da biyu a waje, 'yan ƙungiya a bayansa. A ƙasa ya rubuta:

“1. Na zo na biyu! 2. Kyaftin ya ce ina da baiwa. 3. Kina ta ina ne? Na duba hoton ban gan ki ba.”

Na duba lokaci. Awa ɗaya da minti hamsin tun da na zauna a kan kwalbatin nan.

Baba ya miƙo hannu. Na ba shi. Ya sa tabaraunsa, wanda ni na haɗa masa, ya karanta a hankali har da motsa leɓe, ya miƙo min.

“Ya san kin gaji kafin ku tashi?”

“Na faɗa masa, Baba.”

“Ya ce me?”

“Ya ce yana tare da ni har ƙarshe.”

“Da ya wuce ɗin, ya waiwayo?”

Na buɗe baki in kare shi, don ba mugu ba ne, har yanzu ina faɗa, ba mugu ba ne. Sabon shiga ne, daɗi ya ɗebe shi. Amma bayansa na yi ta kallo a tudu uku, na san amsar fiye da kowa.

“Bai waiwayo ba. Ko sau ɗaya.”

Baba ya jinjina kai. “Ni dai da nake tuƙi, ban taɓa tashi daga tasha ban kalli madubi ba. Wanda ya makara yana gudu da jakarsa, ba a gabanka yake ba, a madubi kake ganinsa. Amma wannan ni ne. Ke za ki zauna da shi. Yau ce ranar, Auta.”

Dariyar Umma ta ɗauke. “Alhaji, a kan wasan keke? Yarinya ta bar mutum kamar wannan a kan tsere?”

Hawayen da na riƙe tun daga Wayyo Umma suka zubo. Na ji zafin abin sosai, don na so ya zama shi ɗin ne, da komai ya zo da sauƙi, da Umma ta yi farin ciki.

“Umma, ba don ya fi ni gudu ba ne. Sai da ya duba hoto sannan ya san ba na nan.” Na juya wurin Baba. “Ka ba mahaifinsa haƙuri. A'a ce.”

Umma ta tashi ta shige kicin, na ji ta ajiye ludayin da ƙarfi. Gwaggo ta mayar da tawul goshinta. Baba ya ce, “To. Zan kai.” Na yunƙura zan tashi, ina jin kaina wata jaruma wadda aka zalunta ta yi haƙuri, sai ya ɗaga hannu.

“Wannan da ya rako ki, Tsintsiya kike ce masa? Ya sunansa?”

“Tsintsiya dai muke ce masa, Baba.”

“Aikin me yake yi?”

“Ban sani ba, Baba.”

“Wata nawa yana bayanki?”

“Takwas.”

“Da kika iso ƙofar gida, kin waiwaya kin ce masa an gode?”

Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni da na zauna ina yanke wa wani hukunci a kan waiwaye. Ba wai ban taɓa ganin mutumin ba, kullum yana nan cikin hular kwano da baƙin gilashi da ƙyallen rufe hanci. Kallonsa ne ban taɓa yi ba. Da za a jera min maza biyar a ce in nuna shi, sai dai in ce su yi magana.

Baba ya ɗage labulen tagar da yatsa ɗaya. “Tun da kika shigo nake ganin mutum a bakin get. Minti arba'in ke nan.”

Sai a lokacin na tuna. Ban ce “na iso” ba.

Na fita ƙwas-ƙwas, ina goge fuska da safar hannu, kwalli ya gama zane min kumatu. Yana tsugune a 'yar inuwar katanga. Ya kifa kekena a kan sirdi, ya mayar da sarƙar da ta zame lokacin da na yar da shi, yana juya feda da hannu yana sauraren ƙararta. Hularsa tana rataye a kan nasa keken. Ya cire ƙyallen, ya cire baƙin gilashin, ya sa farin tabarau. Ba dogo ba ne. Yana da ɗan tabo a gira, da shatin hula a goshi, yatsunsa baƙi ƙirin da man sarƙa.

Fuskar ban san ta ba, amma tabaraun na san shi. Ruwan ƙasa, mai siririn hannu. Ni na haɗa shi.

“Ka taɓa zuwa shagonmu,” na ce.

“Wata uku da suka wuce.” Muryar ce dai, wadda ba ta hawa ba ta sauka. “Minti ashirin kina leƙa idona ta cikin na'ura. Kika ce in karanta layin ƙasa, na karanta, kika ce na gaba ya shigo.”

Na rasa inda zan sa kaina. Ya miƙe, ya juyar da keken ya tsayar da shi a kan tayoyinsa, ya miƙo min.

“Ban ji kin ce kin iso ba.”

“Na iso,” na ce. “Na gode. Na yau, da na wata takwas.”

Taga ta buɗe a bayana, muryar Gwaggo ta cika layi. “Ke Auta! Shi wannan ɗin ma yana sakin?”

Ya ɗan sunkuyar da kai, ya yi murmushi. “A'a, Gwaggo. Ni kome ne aikina.”

Sai muryar Baba daga ciki, a natse: “Ki ce masa ya shigo ya wanke hannu ya sha ruwa.”

Na tura get ɗin. Ya ja baya taku ɗaya, kamar yadda ya saba, ya nuna min hanya in wuce gaba. Na wuce.

Daga get ɗinmu zuwa ƙofar falo taku goma sha biyu ne. Sau huɗu na waiwaya.